Hannu a Kan Baki

A cikin birnin Maraɗi akwai wata malamar makarantar firamare wadda ba ta yin dariya sai ta ɗora hannu a kan bakinta. In tana koyarwa a gaban allo, takan yi magana leɓuna a matse. Ran Lahadi kuwa, in ƙungiyar mawaƙa ta miƙe a majami'a, takan ɗaga littafin waƙoƙi sama har ya kai mata ga hanci. Mutane suna cewa kunya ce, har waɗansu tsofaffi suna yaba mata a kan ladabi. Amma ba kunya ba ce. Haƙoranta na gaba ne take ɓoyewa, gama suna da dabbare-dabbare, wani wuri fari fat kamar alli, wani wuri ja kamar tsatsa, ga kuma ƴan ƙananan ramuka a jikin biyu na sama.

Ba goro ne ya yi mata haka ba, ba kuwa ƙazanta ba. Ruwan da ta sha tana yarinya ne. An haife ta a Tibiri, garin Sarkin Gobir, wanda yake kusa da Maraɗi. A cikin shekarun 1980 aka fara ba mutanen garin ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗanɗano, mutane kuwa suka yi murna da shi. Ba wanda ya sani yana ɗauke da wani sinadari da ake kira fulorayid, wanda yake fitowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada wannan sinadari ya wuce miligiram 1.5 a cikin lita ɗaya ta ruwan sha. Na Tibiri ya ninka wannan ƙa'ida. Aka yi shekaru ana shansa kafin a gane, yara masu yawa kuwa suka girma da alamarsa a jikinsu.

Ga yadda abin yake aiki. Haƙoran girma suna ginuwa ne a ɓoye cikin dasashi tun yaro yana goye har ya kai wajen shekara 8. In fulorayid ya yi yawa a jiki a waɗannan shekaru, farin ɓawon da yake rufe haƙori ba ya ginuwa daidai. Sa'ad da haƙorin ya fito, ya riga ya fito da tabonsa. Babban mutum da ya sha ruwan nan haƙoransa ba sa sāke launi, gama nasa sun riga sun ginu. Shi ya sa a gida ɗaya uwa da uba suna da fararen haƙora, ƴaƴansu kuwa duka da jajaye. Ba a Tibiri kaɗai ake ganin wannan ba. Akwai shi a Langtang ta Jihar Filato a Nijeriya, akwai shi da yawa a Habasha da Kenya da Tanzaniya.

In sinadarin ya yi yawa ƙwarai, ba ya tsayawa a haƙori, yakan shiga ƙashi. Ƙanen malamar, wanda yake bi mata da shekara biyu, ƙafafunsa suka tanƙware tun yana ƙarami. Da sanda yake tafiya. Ya koyi ɗinki a shagon wani, amma ba shi da keke nasa na kansa. Saboda wannan ƙane ne malamar ba ta taɓa buɗe baki ta yi kukan haƙoranta a gida ba. Wa zai yi kukan haƙori a gidan da ake kukan ƙafa?

A ɓoye dai ta yi ta fama. Ta goge su da gawayi, ta goge da toka, ta goge da gishiri da lemun tsami. Ta sayi wani gari da ta ga ana tallarsa a Facebook, wai yana faranta haƙori cikin kwana bakwai. Tabon bai motsa ba. Abin da ta samu shi ne haƙoran suka fara yi mata tsami in ta sha ruwan randa da safe.

Wata rana aka kawo sabuwar yarinya ajinta. Yarinyar ta zuba mata ido, sa'an nan ta ce da zuciya ɗaya, "Malama, ba ku da aswaki a gidanku?" Ajin ya fashe da dariya. Malamar ta tsawata musu, ta ci gaba da darasi, amma da dare ba ta yi barci ba. Ga shi kuwa kwasarta ta adashen malamai ta kusa. Tun da daɗewa ta yi niyya a ranta, ba tare da ta faɗa wa kowa ba, cewa da kuɗin nan za ta saya wa ƙanenta keken ɗinki. Daren nan ne karo na fari da ta yi tunanin kashe su a kan bakinta.

Da fari ta je wurin wani mutum da yake da ɗan shago kusa da kasuwa, wanda aka ce mata yana sa haƙora da araha. Ya ko duba bakinta da kyau bai yi ba, ya ce cikin kwana biyu zai kankare shida na sama ya sa musu huluna farare, ta fita kamar amarya. Tana zaune sai ta ga ya ɗauki ƙarfen da ya gama aiki da shi a bakin wani, ya ɗauraye shi a kwano, ya ajiye. Ta tuna abin da aka koya musu a kan ciwon hanta, cewa yana bin jini ta kayan aikin da ba a dafa ba. Ta ce masa za ta dawo. Ba ta koma ba. Araha ba ta ado.

Bayan mako guda ta je wurin likitan haƙori a wani asibiti. Shi kuwa ya daɗe yana dubawa da ɗan madubinsa. Kafin ta ce kome ya tambaye ta, "Malama, a ina kika yi ƙuruciya?" Da ta ce Tibiri, ya gyaɗa kai. Ya ce mata laifin ba nata ba ne, ko da ta kwana tana goga ba zai fita ba, gama tabon a cikin ɓawon yake, ba a bayansa ba. Ya ce gawayi da lemun tsami ɓawon suke ci, shi ya sa take jin tsami. Sa'an nan ya faɗa mata wata magana wadda ta riƙe har ƙarshe. Ya ce, "Fata in ta yanke takan warke. Ƙashi in ya karye yakan haɗu. Farce in an yanke yakan tofo. Amma ɓawon haƙori, abin da aka kankare ya tafi ke nan har abada. Shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, amma ba ya tofowa."

Ya ba ta labari kuma, don ta san ba ita ce ta fari ba. A shekarar 1901 wani matashin likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya sauka a wani gari na Jihar Kolorado a Amurka, ya tarar da mutanen wurin da irin wannan tabo. Ya yi shekaru yana neman dalili, sai a 1931 aka tabbatar fulorayid na cikin ruwa ne. Abin mamaki, ya lura masu tabon nan haƙoransu ba su cika ruɓewa ba. Daga nan aka gane kaɗan daga cikin sinadarin yana tsare haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki, yawansa ne yake ɓarna. Likitan ya ce, "Haƙoranki talatin da biyu suna nan, ba ko ɗaya da ya ruɓe. Waɗanda kike jin kunyarsu lafiyayyu ne. Ki san wannan kafin ki yarda kowa ya taɓa su."

Sa'an nan ya jera mata hanyoyin gyara, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, kamar matakan tsani.

Mataki na fari wanki ne. Ana cire dattin da ya daskare a gindin haƙora, a goge tabon shayi da goro da taba. Wannan ba ya rage kome daga haƙori, amma ba ya taɓa irin nata tabon. Duk da haka ya ce dole da shi za a fara, gama dasashinta yana jini, ba a kuwa yin ado a kan dasashi mai ciwo, kamar yadda ba a yi wa bango shafe alhali tushensa yana jiƙe.

Mataki na biyu shi ne a shafa wani asid mai rauni haɗe da garin dutse mai laushi a kan tabon, a cire abin da bai kai kaurin takarda biyu ba daga saman ɓawon. In tabon ba shi da zurfi, yakan ragu ƙwarai. Bayan wannan ana iya faranta haƙoran da maganin da likita yake aunawa. Yakan sa tsami na ƴan kwanaki, farin kuma ba ya dawwama, yakan dushe a hankali.

Mataki na uku shi ne a liƙa wani abu kamar danƙo mai launin haƙori a kan ramukan da sauran tabon, a busar da shi da haske har ya yi tauri. Kaɗan ake taɓa haƙorin, wani lokaci ma ba a taɓa shi. Amma danƙon yakan sha launin shayi da goro, bakinsa yakan ɓantare, bayan kamar shekara biyar zuwa bakwai sai an gyara ko an sāke.

Mataki na huɗu shi ne ɓawon tangaran, siriri kamar farce, wanda ake mannawa a fuskar haƙori. Shi ya fi kyau, ba ya shan launi, yakan yi shekara goma ko fiye. Amma kafin a manna shi, yawanci sai an kankare wajen rabin milimita daga fuskar haƙorin. Daga ranar nan haƙorin ba zai ƙara zama tsirara ba. In tangaran ɗin ya fashe ko ya tsufa, dole a sa wani.

Mataki na ƙarshe shi ne hula, abin da mai shagon kasuwa ya so ya yi mata. Ana kankare haƙorin ta kowane gefe har ya zama ɗan kututture, a kifa masa hular. An yi wannan domin haƙorin da ya karye ko ya ruɓe ƙwarai. In aka yi wa lafiyayyen haƙori, an yi asarar abu mai yawa, wani lokaci ma jijiyar cikinsa takan mutu daga baya.

Da ya faɗa mata kuɗin kowane, ta yi lissafi a zuci. Tangaran shida zai cinye adashen duka, ya kuma bar ta da bashi. Ta tambaye shi, "Likita, in ƙanwarka ce ni, wanne za ka ce in yi?" Ya ce, "Zan ce ki fara daga ƙasa. Wanda ya hau mataki na biyu bai gamsu ba, yana iya hawa na huɗu. Wanda ya fara da na huɗu ba shi da hanyar sauka. Tambayar kuma ba ita ce ko kina iya biya yau ba. Tambayar ita ce ko za ki iya sāke biya bayan shekara goma, da bayan shekara ashirin. Je ki yi tunani. Haƙoran ba za su gudu ba."

Ran Asabar ta tafi Tibiri. Ta tarar da mahaifiyarta tana tankaɗe, ta zauna ta faɗa mata kome. Tsohuwar ta yi dariya har ta ajiye rariya. Ta ce, "Ikon Allah! A zamaninmu, budurwa takan kwana tana goga furen taba da goro don haƙoranta su yi ja, ranar kasuwa a ce ta yi kyau. Mai wushirya kuwa samari har faɗa suke yi a kanta, yanzu na ji ana biyan kuɗi a toshe ta. Maƙwabciyarmu da ta dawo daga Makka da haƙorin zinariya, wata guda ba ta rufe baki ba. Kowane zamani da abin da yake kira kyau. Ke dai kada ki bari a sassaƙe miki abin da ba ya dawowa saboda kyan da zai wuce."

Malamar ta ce, "Inna, ba kyau nake nema ba. So nake in yi dariya kamar kowa."

Tsohuwar ta yi shiru. Can ta ce, "Ni na ɗebo ruwan nan da kaina na ba ku." Malamar ta kama hannunta ta ce, "Ba wanda ya sani, Inna." Ba su taɓa yin wannan magana ba sai ran nan.

Wani abu kuma yana damunta, wato ko neman gyaran nan girman kai ne da son duniya, ko raina yadda aka halicce ta ne. Ta kai wa matar fasto wannan damuwa. Matar ta cire tabaranta ta nuna mata, ta ce, "Ƴata, in gyaran abin da ya lalace zunubi ne, to, ni na daɗe a ciki. Ba haka aka halicce ki ba, ruwa ne ya yi miki. Gyaran ba laifi ba ne, barinsa kuma ba laifi ba ne. Amma ki tambayi kanki, domin wa za ki yi? In domin bakin mutane ne, ki bari, gama in kin gyara haƙora za su koma kan hancinki. In kuwa domin ki sauke littafin nan ne mu ji muryarki, wannan wata magana ce. Abu ɗaya zan hana ki, kada ki ci bashi a kansa."

Wanda ya fi yi mata wuyar tunkara shi ne ƙanenta. Ta same shi a shagon maigidansa yana kalmasa bakin riga. Ta faɗa masa niyyar da ta yi a kan keken, ta kuma faɗa masa abin da ya shiga ranta daga baya, tana magana kanta a sunkuye. Ya dube ta ya ce, "Yaya, kina tsammani ban gani ba? Tun muna yara nake ganin hannun nan. Ruwa ɗaya muka sha. Ni ya kama ni a ƙafa, kowa ya gani, kowa ya ce sannu. Ke ya kama ki a baki, ba wanda ya taɓa ce miki sannu. Nawa ba ya gyaruwa. In naki yana gyaruwa, ki gyara. Keke ba zai ƙare a kasuwa ba."

Maganar nan ta kwance mata wani ƙulli da ta daɗe da shi. Amma abin mamaki, da aka ba ta izini ta kashe kuɗin duka, sai ta ga ba ta bukatar kashe su duka. Muddin tana jin kamar sata za ta yi, tangaran kaɗai take gani, mafi fari, mafi tsada. Da hankalinta ya kwanta, ta iya duban abin kamar yadda take duban lissafin aji. Tangaran zai ɗaure ta da likita da biyan kuɗi har tsufanta, da albashin malamar firamare. Zai kuma ci lafiyayyun haƙora shida waɗanda ba su taɓa yi mata ciwo ba. Abin da take so kuwa ba fari fat ba ne. So take mutum ya dube ta ya ji abin da take faɗa, ba ya tsaya kallon bakinta ba.

Ta koma wurin likitan. Aka yi wanki, aka jira dasashin ya daina jini. Sa'an nan aka yi mataki na biyu a kan haƙora shida na sama, aka faranta su, ta yi kwana huɗu ba ta iya shan ruwan sanyi. Bayan makonni aka cike ramukan biyu na gaba da danƙo. Tsatsar nan ta tafi kusan duka. Fararen ɗigon kamar alli ba su tafi sarai ba, wanda ya matso kusa zai gan su. Likitan bai ɓoye mata ba cewa wata rana za ta dawo a sāke danƙon, ya kuma ce ta rage shayi, ta rabu da gawayi da lemun tsami har abada. Abin da ya rage na adashen bai kai kuɗin sabon keke ba. Ta haɗa da albashin wata biyu da ta tsimi, suka sami na hannu mai kyau.

Wani zai ce da ta ƙara haƙuri ta bar su yadda suke. Wani kuma zai ce da ta yi tangaran ta huta. Akwai wanda barin shi ne daidai gare shi, gama tabon bai taɓa hana shi dariya ba. Akwai kuma wanda tabonsa ya yi zurfi, ɓawon yana ɓarɓashewa, wanda tangaran ko hula ce kaɗai za ta yi masa. Ba amsa ɗaya ga kowa. Amma mai karatu da yake tsaye inda malamar nan ta tsaya, ya kamata ya san abin da ya jawo tabonsa tukuna, ya tabbata bakinsa lafiya yake, ya tambayi mai gyaran ƙarara nawa za a kankare da kuma yaushe za a sāke. In mai gyaran yana gaggawa, ko ba ya son tambaya, a tashi a bar masa kujerarsa. Wanda kuma yake da ƙananan yara a garin da manyan yara suke da irin wannan tabo, ya nemi a auna ruwan rijiyar. Tafasa ruwa ba ya cire fulorayid. Abin da za a tsare wa yaro kafin ya kai shekara 8 ya fi duk abin da likita zai gyara masa yana da talatin.

Haƙoran malamar sun gyaru cikin wata biyu. Hannun ne ya ƙi ji. Shekara ashirin ya yi yana tashi da kansa, bai san an yi gyara ba. Takan ji shi a kan leɓenta tana tsakiyar dariya, sai ta sauke shi da gangan. Ƙanenta ne ya ɗauki aikin tuna mata. In ta je shagonsa ya ba ta dariya, ya ga hannun ya tashi, sai ya ɗaga ƙafa daga kan keke ya ce, "Yaya, kuɗinki fa." Sai ta sauke.